Gizo da Karnukan Fadar Hanta

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara bayan girbi, Giwa ta kwanta ciwo. Abin ya faro ne da kasala. Ita da take ratsa daji tun asuba har faɗuwar rana, sai ga shi kafin hantsi ta nemi inuwa. Daga nan ƙaiƙayi ya kama ta, ta yi ta goga jiki a gindin kuka har ɓawon ya saluɓe, da dare kuwa ba barci. Fitsarinta ya yi duhu, bayan gidanta ya yi fari-fari, farin idonta ya koma ruwan ɗorawa.

Namun daji suka ce shawara ce. Biri ya kawo jiƙon saiwoyi, ta sha, ba sauƙi. Kura ta ce mayu ne, tana faɗa tana lasar baki tana auna cinyar Giwa da ido. Da Zaki ya ga abin yana gaba, sai ya aika a kira Dila, malamin daji.

Dila ya zo ya yi gaisuwa, ya tambayi Giwa ci da sha, ya ɗebi jininta ya tafi da shi. Da ya dawo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, hanta ce. A ƙasashenmu mafi yawan masu ciwon hanta baƙuwar ƙwayar cuta ce ke shigarsu, nau'in B ko nau'in C. Na duba, babu ko ɗaya. Giya kuma ba ta sha. Abin da na gani shi ne makaman garkuwar jikinta sun cika jini, kuma hantarta suka nufa. Masu gadin gida ne ke dukan 'yan gida. Abin da ya harzuƙa su kuwa sai wanda ya shiga ciki ya gani."

Kowa ya waiwaya ya dubi Gizo, wanda ke tsaye a baya da farantin magungunan da yake talla, domin an san ya taɓa shiga cikin dabba ya fito da rai. Zaki ya yi masa alkawarin tukwici. Ƙoƙi ta ja shi gefe ta ce, "Maigida, ka je ka gani da idonka, kuma abin da ka gani shi za ka faɗa."

Gizo ya ƙanƙance, ya shige bakin Giwa, ya gangara maƙogwaro, ya ratsa tumbi da gudu saboda tsami da zafi. Ya yi ta bin wani lungu mai lanƙwasa har ya faɗo wata doguwar kasuwa da ba a hango ƙarshenta. Wannan ita ce Kasuwar Hanji. Rumfuna jere a kan jere, amma yawancinsu kango. A wasu kuma cinnaku ne maƙil, sun baje ba ciniki ba sana'a.

Can ya tarar da wata tsohuwar Tururuwa zaune a ƙofar rumfarta. Ya ce, "Sannu Iya, ina mutanen kasuwar nan?"

Ta ce, "Ɗan nan, da ka zo bara da ba ka sami wurin sa ƙafa ba. Ni ce Magajiyar kasuwa. Ƙabilu ɗaruruwa muke a nan, tururuwa da kiyashi da ƙudan zuma da wasu da yawa, kowa da sana'arsa. Duk abin da Giwa ta ci ta kasa narkarwa, dusa da zaren ganye da ɓawon wake, mu yake iskowa. Mu jiƙa shi ya yi tsami, mu tatso mai daga cikinsa. Wasunmu kuma sinadarin da ke taimaka wa jini ya daskare suke haɗawa. Cinnakun nan da kake gani tun fil azal suna cikinmu, amma yawanmu ya hana su wurin miƙe ƙafa."

Sai ta rera masa waƙar da suke yi in suna aiki:

A ba mu ganye, mu ba da mai,
Magini ya ci, bango ya tsaya,
Kare ya sansana, ya san na gida,
Uwar ɗakinmu ta kwana lafiya.

Gizo ya ce, "Wane bango, Iya?"

Ta kama hannunsa ta kai shi gefen kasuwa. Ga bango ya miƙe tsawon kasuwar duka, amma kaurinsa tubali ɗaya ne tak, an yaɓe shi da wani yaɓe mai yauƙi. Ta ce, "Wannan ne ya raba mu da cikin gari. Maginan da ke kula da shi, man da muke tatsa shi ne abincinsu. Kuma tun karnukan fada suna ƙanana ake kawo su bayan bangon nan su ji ƙanshinmu, su koyi bambanta maƙwabci da ɓarawo. Akwai dattawan karnuka masu tsawata wa matasa in sun tashi cizo ba dalili, su ma man namu ne ke ƙara musu yawa."

Ya ce, "To me ya cinye kasuwar?"

Ta ce, "Abu biyu. Na farko yunwa. Giwa ta bar ganye ta koma wa alewa da kayan zaƙi, su kuwa tun a hanya ake tsotse su, ba abin da ke isowa gare mu. Da yunwa ta yi tsanani wasu daga cikinmu suka fara cin yaɓen bangon. Na biyu ruwan wuta. Kwana kaɗan sai wasu ƙwanso masu rabi ja rabi rawaya su faɗo su fashe, su kashe na kirki da na banza. Cinnaka mai taurin rai ne, shi ke saura, ya gaji rumfunan matattu."

Gaban Gizo ya faɗi, domin ƙwanson nan daga farantinsa suka fito. Duk sanda Giwa ta yi mura ko ta ji ciwon kai, shi ke ba ta su da hannu, ba awo ba ƙa'ida. Ya yi shiru bai ce komai ba.

Tururuwa ta nuna masa wani wuri ta ce, "Duba nan." Yaɓen ya zaizaye, lakar da ke riƙe tubali da tubali ta zube, ga wata tsaga siririya. Wani cinnaka ya tura kai, ya murɗa jiki, ya ja ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ya ɓace. Wani ya bi bayansa. Ta ce, "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

Gizo ya bi su ta tsagar, sai ga shi tsundum cikin wani jan kogi. Kusan duk abin da ya ƙetare bangon kasuwa, abinci ne ko guba, kogin nan ke ɗauka, kuma ba ya tsayawa ko'ina sai Fadar Hanta. Da ruwa ya kai shi bakin fada sai ya ga kwaɗi jere a gaɓa, cikinsu ya kumbura, idanunsu sun yi ja. Ya gai da babbansu ya tambaye shi lafiya.

Sarkin Kwaɗi ya ce, "Ina lafiya? Aikinmu tace kogin nan. Ko a zamanin zaman lafiya akan sami ɗaya ko biyu su ɓullo, mu haɗiye su shiru, ba ma ta da kowa. Fadar nan da haƙuri aka san ta, domin in za a yi kururuwa a kan kowane baƙon abu da ya zo daga kasuwa, ba za a yi barci ba. Yanzu sun fi ƙarfinmu. Muka yi kuka, karnuka suka amsa, ga shi sun ƙi komawa."

Gizo ya shiga ciki. Fadar Hanta ɗakuna ce dubu bisa dubu, gara ke aiki a cikinsu. Wasu na adana zaƙi don ranar yunwa, wasu na karya guba, wasu na dafa ruwan ɗaci suna zuba shi a ƙananan magudanai da ke haɗuwa su koma kasuwa. Ga karnuka ko'ina suna haushi. A gaban idonsa wani matashin kare ya cafke cinnaka ya tauna, ya juya ya ga wata gara ɗauke da kayan aikinta, ya dubi goshinta, ya damƙe ta ita ma.

Gizo ya matsa ya duba gawar biyun. A goshin cinnakan akwai tsaga uku, a goshin garar ma tsaga uku, sai ɗan bambancin da ba kowane ido ke gani ba. An koya wa karen tsagar ɓarawo, ta zo daidai da tsagar gadon 'yan gida.

Wani dattijon kare yana kwance a gefe, muryarsa ta dushe don tsawa. Gizo ya ce, "Baba, ba za ka hana su ba?"

Ya ce, "Da muna da yawa, yanzu mun ƙaranta, ba sa jin maganarmu. Kuma kada ka ɗora wa cinnaka laifin duka. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Karnukan gidan nan tun kakanni masu saurin fushi ne. Akwai gidajen da cinnaka ke shiga a kore shi a koma barci. A nan kuwa ko an gama da shi, tsagar tana nan a goshin gara, cizon ba zai tsaya ba."

Gizo ya ga inda aka rushe ɗaki, gara sun toshe wurin da busasshiyar laka mai tauri wadda ba ta aikin komai. Ya ga magudanan da aka yayyaga, ruwan ɗaci ya rasa hanya ya malala cikin kogi. Wata gara ta ce masa, "Shi ne ke zagaye jikin Giwa ya rina mata ido, daga tsayawarsa kuma ƙaiƙayin ke tasowa. Kasuwa ma tana buƙatarsa, domin ɗacinsa na hana cinnaku yaɗuwa. In bai isa can ba su ƙaru, in sun ƙaru su ƙara kwararowa nan. Yanzu ba mai iya ce maka ga inda abin ya soma."

Gizo ya faɗa kogin da ke fita daga fada, ya bi ta zuciya ya ɓulla huhu. Giwa ta yi atishawa, ta wurgo shi tsakiyar taro.

Ya karkaɗe jiki, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ba da labarin kasuwa da bango da kogi da karnuka. Da ya zo kan ƙwanso masu ja da rawaya sai ya tsallake. Ƙoƙi ta zuba masa ido. Ya sunkuyar da kai ya faɗi wannan ma.

Kura ta ce, "Yaushe aka fara gaskata Gizo? A bar Giwa da rabonta kawai."

Sai wata 'yar murya ta ce, "Ina da shaida." Ɓera ne. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ina da dangi a ɗakunan binciken 'yan Adam, kuma abin da Gizo ya gani an gan shi a jikinsu. A wani bincike da aka wallafa a 2018, a Jami'ar Yale ta Amurka, wani malami mai suna Martin Kriegel da abokan aikinsa suka duba wasu ɓeraye da suka gaji saurin fushin garkuwa. Suka tarar wata bakteriya ta hanji, Enterococcus gallinarum, ta ƙetare bango ta isa hanta da saifa da kaluluwa, ta tunzura garkuwar jiki a kan mai jikin. Da aka ba su maganin da ke kashe ta, ko aka yi musu rigakafinta, cutar ta lafa, suka daɗe a raye. Malaman suka kuma sami burbushinta a hantar wasu mutane masu irin wannan ciwo. A wani binciken kuma da aka wallafa a 2019, a Jami'ar Keio ta Japan, aka ɗauki ƙwayoyin hanjin masu ciwon magudanan hanta aka sa wa ɓerayen da aka raina ba ƙwaya ko ɗaya a cikinsu. Wata mai suna Klebsiella pneumoniae ta huda bangon hanjinsu, ta buɗe wa wasu hanya, garkuwar da ke hantarsu ta harzuƙa."

Dila ya ce, "Ɓera ya yi gaskiya. Ɗan Adam ma da tasa kasuwar. An ƙiyasta bakteriya tiriliyan 38 a jikin baligi, mafi yawansu a babban hanji, nauyinsu duka wajen giram 200. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shiga hantarsa ta kogin nan yake zuwa. Ciwon kuwa iri uku ne. In karnuka suka auka wa ma'aikatan ɗakuna, wannan shi ne kumburin hanta na garkuwar jiki, wanda likitan Suwidin Jan Waldenström ya bayyana a 1950 bayan ya gan shi a jikin 'yan mata. In ƙananan magudanai suka yayyaga, likitoci na ce masa PBC, kuma cikin masu shi goma wajen tara mata ne. A nan ne maganar tsagar goshi ta fi fitowa, domin sinadarin da garkuwarsu ke kai wa hari yana da ɗan'uwa mai kama da shi a jikin bakteriyar E. coli, kuma an lura ciwon ya fi samun matan da ke yawan fama da cutar mafitsara. In kuwa manyan magudanai ne suka yi tabo suka tsuke, ana ce masa PSC, ya fi kama maza, kuma a arewacin Turai wajen bakwai cikin goma na masu shi suna da kumburin hanji tare da shi. A dukkan ukun an auna bayan gidan marasa lafiya an ga ƙabilun kasuwarsu sun ragu. Na Giwa, bisa abin da jininta ya nuna da abin da Gizo ya gani, ya haɗa na farko da na biyu, kuma hakan na faruwa."

Zaki ya fusata ya ce, "To a kashe karnukan duka!"

Dila ya ce, "Allah ya huci zuciyarka. In babu su, ƙaramar mura ma ta isa ta kai Giwa ƙasa. Lallashinsu za a yi. Akwai prednisolone da ke sanyaya su da sauri, da azathioprine da ke riƙe su a kwance tsawon lokaci. Ga magudanai kuma akwai maganin da ake kira urso, wani ruwan ɗaci ne mai laushi wanda aka fara ganowa a matsarmamar beyar, yana sauƙaƙa wa ruwan gudu. Za ta sha su shekaru, watakila har ƙarshen rayuwa, ana auna jininta a kai a kai. Wanda ya ji sauƙi ya ajiye magani da kansa, sau da yawa karnukan sukan sake tashi. In aka bari tabo ya mamaye fada, hanta ta ƙandare, sai dai dashen wata."

Gizo, don ya wanke kansa, ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da wani ƙwanso da ya fi na da ƙarfi. A ba ta, a share kasuwar gaba ɗaya."

Dila ya ce, "Irin wannan ce ta kawo mu nan. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ni'ima ne, ya ceci rayuka ba iyaka, amma sai an san wace cuta ake nufa, da awo da adadin kwanaki. Wasu ma daga cikinsu, kamar nitrofurantoin da minocycline, an san su kan ta da irin wannan fushi a hantar wasu masu shan su. In ka share kasuwa, wa zai ciyar da magina? Wa zai koya wa 'yan kwikwiyo ƙanshin na gida?"

Biri ya ce, "Ashe ke nan nono da ganye sun isa magani."

Dila ya girgiza kai ya ce, "Kada ka kai wannan magana gari. Abinci yana raya kasuwa, amma ba ya janye karen da ya riga ya kama cizo. Abin da ya warkar da ɓera kuma sai an gwada shi a jikin mutum kafin a ce magani ne. A wani gwaji da aka wallafa a 2019, a birnin Boston an dasa wa masu PSC su 10 ƙwayoyin hanjin masu lafiya. Bai cutar da su ba, uku daga ciki awon jininsu ya nuna sauƙi sosai, amma mutum goma ba su isa a yanke hukunci ba. Malamai na kan aiki. Kafin su gama, mai rawayar ido ko ƙaiƙayin da ba ƙuraje ya je asibiti a auna jininsa. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, hanta ce za ta tace shi, ita da take neman hutu."

Giwa ta ɗaga kai da ƙyar ta ce, "Malam, ashe duk girman nan nawa a hannun 'yan mitsi-mitsin nan yake, ni kuwa ban taɓa tuna suna jin yunwa ba."

Dila ya ce, "Ranki ya daɗe, kin ba su masauki suna biyan ki da aiki. Ki ba su haƙƙinsu, su riƙe miki bango."

Zaki ya yanke hukunci. Aka karɓe farantin Gizo, aka hana kowa a dajin sayar da ƙwanson nan sai da izinin Dila. Tukwicin da aka yi masa alkawari aka ba Ƙoƙi. Shi kuma aka ɗora masa ɗebo wa Giwa abinci kullum, kuma kada na yau ya zama irin na jiya: zogale da rama, kuka da kuɓewa, wake da gero da dawa da dusarsu, wani lokaci da ƙwaryar nono.

Giwa ta riƙe maganinta safe da yamma. Kafin damina ta kankama idonta ya washe, ƙaiƙayin ya ragu, ta koma kiwo. Karnukan fadarta ba su manta tsagar ba, saboda haka ba ta bar magani ba, kuma duk bayan 'yan watanni takan je Dila ya ɗebi jininta. Tabon da ya riga ya yi tauri ya zauna, amma sabo bai ƙaru ba. A Kasuwar Hanji wasu ƙabilun sun dawo sun buɗe rumfuna, wasu kuwa sun tafi ke nan, abin da ya sa har yau in Giwa ta ga wani zai haɗiyi ƙwanso ba da sanin malami ba, takan tsayar da shi ta ba shi labarinta. Kura ta gaji da jira ta koma wani dajin.

Ƙurunƙus kan ɓera.